TAYAR LAKA KO TAYAR KO'INA: WACCE TA DACE DA MOTAR GONA?

Ko wace shekara da zarar watan Yuli ya kama, labarin iri ɗaya ne a ƙauyuka da yawa. Mota ta ɗauko taki daga gari, ta zo mashigin fadama ta kafe. Direba ya taka mai, taya tana ta juyawa wuri ɗaya tana watsa laka, mota kuwa sai ƙara nitsewa ta ke yi. Daga nan sai a kira samarin gari, a sauke buhuna, a yi ta turi har la'asar. In hadari ya taso kafin a fita, taki ya jiƙe. Masara kuwa tana can gona tana jira, ganyenta ya soma yin ruwan ɗorawa.

Malaman gona su kan ce a ba masara taki na biyu, watau yuriya, tsakanin mako 4 da mako 6 bayan shuka. A ƙasar Zariya da Funtuwa da Saminaka wannan lokaci ya kan faɗo a Yuli ne zuwa farkon Agusta, daidai sa'ad da hanyoyin ƙauye su ka fi lalacewa. Takin da ya makara amfaninsa ya kan ragu. Don haka maganar taya ba ta direbobi ba ce su kaɗai. Ta shafi manomi, ta shafi ɗan kasuwa mai sayen amfanin gona, ta shafi akawun ƙungiyar manoma wanda ke rubuta kuɗin gyaran mota.

To, mai akori-kura ko jif, irin su Hilux da Land Cruiser, in ya je wajen mai sayad da taya, iri biyu za a nuna masa don hanyar daji. A gefen ɗaya an rubuta A/T, watau tayar ko wace irin ƙasa, ita ce tayar ko'ina. A gefen ɗayar an rubuta M/T, watau tayar laka. Akwai ta uku mai alamar H/T, ta kwalta ce zalla, yawancin sababbin motoci da irinta su ke zuwa. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da tasa tayar ko'ina a 1976, ya biyo da ta laka a 1980, yanzu kuwa kusan ko wane babban kamfani yana yin duka biyu.

INDA SU KA BAMBANTA

Bambancin yana a haƙoran taya. Haƙoran tayar ko'ina matsakaita ne, suna kurkusa da juna, kuma ko wane haƙori an yi masa 'yan tsage-tsage ƙanana kamar an ja shi da reza. Zurfin zanenta tana sabuwa ya kan kai milimita 9 zuwa 12. Haƙoran tayar laka manya ne, da rata mai faɗi a tsakaninsu, zurfin ya kan kai wajen milimita 14 ko ya ɗara. Har a gefenta an yi mata haƙora, kuma gefen ya fi kauri. Wanda ya san tayar baya ta tarakta ya riga ya gane dabarar, sai dai ta tarakta ta fi ta wuce iyaka, domin ita ba a yi ta don gudu ba.

Ko wace taya kuwa, abin da ke taɓa ƙasa daga jikinta bai fi kamar tafin hannun babban mutum da yatsunsa ba sosai. Da wannan ɗan wuri mota ke ja, da shi ta ke juyawa, da shi ta ke tsayawa. In an cika shi da roba an sami riƙo bisa hanya mai tauri. In an bar rata an sami riƙo cikin laka. Ba a samun biyun duka a cike, shi ya sa a ke zaɓi.

A CIKIN LAKA

Laka mai danƙo, irin ta fadama, ta kan cika tsakanin haƙoran taya. Tayar ko'ina in ta juya sau biyu ko uku a ciki sai zanenta ya toshe, ta koma sumul kamar wadda ta yi sanƙo. Daga nan ko da ƙafa huɗu ke ja, sulɓi kurum za su yi ta yi. Tayar laka kuwa saboda faɗin ratarta, tana juyawa tana tofar da lakar, haƙora su sake fitowa su ciji sabuwar ƙasa. Haƙoran gefe su ne ke taimakonta ta hau bakin ramin da manyan motoci su ka haƙa. A nan babu gardama, tayar laka ta fi.

Amma laka iri-iri ce. Akwai wadda ke sama-sama, ƙarƙashinta da ƙasa mai tauri, kamar ta hanyar burji bayan an ɗauke ruwa. Irin wannan tayar ko'ina mai sabon zane ta kan wuce ta, in direba ya sa giya ta biyu ya tafi da sannu bai tsaya ba. Siririyar taya irin 7.50 R16 ta tsofaffin Land Cruiser da Land Rover ta kan yanka lakar ta tarad da taurin da ke ƙasa, shi ya sa har yanzu direbobin tsaunin Mambila ke ganin girmanta. Akwai kuma laka marar gindi, kamar baƙar ƙasar nan ta firgi ta wajen Dikwa da Marte da Ngala a Barno, inda a ke noman masakwa. Da rani ta kan tsage ta yi tauri kamar dutse, da damina kuwa in ta sha ruwa, mota ta kan zauna bisa cikinta, ƙafafu suna lilo. In ciki ya taɓa ƙasa, babu irin tayar da za ta fid da mota, sai tarakta ko shebur.

BISA KWALTA

Abin da tayar laka ta samu a fadama, a kwalta ta ke biyansa. Da fari dai ga ƙara. Mota na kai gudun kilomita 60 ko 70 sai a ji ta tana gunji, kuma gunjin ƙaruwa ya ke yi in taya ta soma cinyewa. Na biyu, tana da nauyi kuma tana da wuyar mirginawa, don haka mota ta kan ƙara shan mai. Tun da a ka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai zirga-zirga. Na uku, manyan haƙoran su kan lanƙwasa su goge bisa kwalta mai zafi, su ci ba daidai ba, wani ya yi tudu wani ya yi kwari. Tayar ko'ina ta kan daɗe fiye da ita nesa in hanyar kwalta ce.

Na huɗu shi ne mafi girma, domin ya shafi rai. Bisa jiƙaƙƙiyar kwalta tayar laka ba ta kama burki kamar tayar ko'ina. Robar da ke taɓa hanya kaɗan ce, kuma ba ta da yawan 'yan tsage-tsagen nan masu share ruwa. Mota mai lodin masara, ga yayyafi, ga ɗan makaranta ya tsallako hanya a cikin gari, taku biyar ko goma da mota ta ƙara kafin ta tsaya su ne tsakanin kuka da hamdala. Wanda ya ɗaura tayar laka lalle ne ya rage gudu in an yi ruwa, ya kuma bar rata mai yawa tsakaninsa da na gabansa.

YASHI DA BURJI DA DUTSE

Mutane da yawa suna zaton taya mai manyan haƙora ita ce ta ko wace mugunyar hanya. Ba haka ba ne. A ƙasar yashi, kamar Gumel da Maigatari da Nguru da Machina, har zuwa Damagaram da Gure a Nijar, abin da a ke so shi ne mota ta tafi bisa rairayi, kada ta tona. Tayar laka kuwa aikinta ke nan tono. Direba na ƙara mata wuta sai ta haƙa wa kanta rami. A nan tayar ko'ina da a ka rage wa iska ta fi sauƙin sha'ani.

Hanyar burji mai tsakuwa da gargada, wadda ita ce yawancin hanyoyin kasuwannin ƙauye, don irinta a ka yi tayar ko'ina. Tana riƙe hanya a kwana, ba ta jijjiga mota ainun. A ƙasar dutse kuwa, kamar Bokkos da Mangu inda a ke ɗauko dankalin Turawa, da sabuwar gona inda kututture da ƙaya su ka yi yawa, abin lura shi ne kaurin gefen taya. Facin da a ka yi a tsakiyar zane ya kan riƙe, amma taya in ta yage a gefe ta tashi daga aiki, ko mai faci ya ce zai ɗinke. Yawancin tayoyin laka gefensu da ƙarfi, amma akwai tayoyin ko'ina masu alamar LT waɗanda gefensu ma da ƙarfi ƙwarai.

A YI LISSAFI

Kafin a cire kuɗi, ya kamata a ɗauki takarda a lissafa hanyar da mota ke bi a shekara. A ɗauka misali ga ɗan kasuwa yana zaune a gari, gonarsa da inda ya ke sayen hatsi suna nesa da kilomita 78. A ciki kilomita 60 kwalta ce, 15 burji, 3 kuwa fadama ce mai caɓewa da damina. Yana zuwa sau biyu a mako. Zuwa da komowa kilomita 156 ke nan, a mako 312, a shekara 16,224. Fadamar kuwa mako 13 kaɗai ta ke da laka. Kilomita 6 zuwa da komowa, sau biyu a mako, har mako 13, ya zama kilomita 156. Watau cikin ko wace kilomita 100 da motarsa ta yi, ɗaya ce kacal a laka. In ya ɗaura tayar laka, zai biya ƙarin mai da saurin cinyewa da ƙarancin burki a kilomita 99 don ya ji daɗin ɗaya.

Sai dai lissafin bai ƙare nan ba. Tambaya ta biyu ita ce, mene ne ke cikin motar a wannan kilomita ɗaya, kuma akwai wata dabarar wuce ta? In taki ne, ana iya kai shi ƙauye tun watan Mayu kafin hanya ta ɓaci, a ajiye a ɗaki marar yoyo bisa katako ko itace, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. In ba a sami takin da wuri ba, ana iya tsayad da mota a bakin fadama, amalanken shanu ya ƙarasa da shi.  Ga irin wannan mutum tayar ko'ina ita ce daidai.

A sake ɗaukar wani misali. Ga ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Hadeja, ko ta Argungu da Suru, ko cikin filayen ban-ruwa na Kura da Kadawa. Motarsu kullum tana bisa gaɓar magudanar ruwa, damina da rani ƙasa a jiƙe ta ke. Ana yankan shinkafa fadama ba ta gama bushewa ba. Kwaltar da su ke hawa ba ta wuce ta zuwa injin casa da kasuwa ba. Ko kuwa mai sayen amfanin gona a kudancin Kaduna ko Taraba, inda ruwa kan fara tun Afrilu ya kai Oktoba. Waɗannan in sun ɗaura tayar ko'ina, abin da za su kashe wajen masu turi da hayar tarakta, da ranakun da za su ɓata, ya fi ƙarin man. Su tayar laka ce tasu.

Wanda ke tsakani, in yana da hali, ya kan ajiye saiti biyu da wilinsu, ya ɗaura na laka daga Yuni zuwa Oktoba, ya mai da na ko'ina da rani. Waɗanda a ka cire a ajiye su a inuwa, nesa da mai da janareta. Akwai kuma wata taya da ta yaɗu a shekarun baya-bayan nan mai alamar R/T, zanenta yana tsakanin biyun, ta fi ta ko'ina cizo, ba ta kai ta laka ƙara ba.

Abu ɗaya ne ba a yi, watau gauraya. Kada a sa ta laka a dama ta ko'ina a hagun, domin in an taka burki mota za ta ja gefe ɗaya. Mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa ana so duka huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinsu kusan ɗaya, in ba haka ba giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ita za ta sha wahala. Safaya ma ta zama girmansu.

RUBUTUN DA KE GEFEN TAYA

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja kuma ta daina yi a 2008, kusan dukan tayoyin mota da a ke sayarwa a Nijeriya daga waje su ke zuwa. Da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya yi tsalle. Wannan ya sa mutane da yawa su ka koma ga tsofaffin tayoyi da a ke kira 'yan Beljiyam, ko da ya ke dokar kwastan ta hana shigo da su. Saboda haka wajibi ne mai saye ya iya karanta gefen taya da kansa.

In an ga 265/65 R17, faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wili kuwa inci 17. A tsaya bisa girman da kamfanin motar ya rubuta. Taya mai girma fiye da haka ta kan goga jikin mota a kwana, ta rage wa inji ƙarfin ja, ta sa agogon gudu ya yi ƙarya.

Bayan wannan akwai lamba da harafi, kamar 112S. Lamba 112 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, lamba 120 kuwa kilo 1,400. Harafin na iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a sa'a, S 180, T 190. Tayoyin laka da yawa Q ne. Akori-kura irin Hilux an yi ta don kaya wajen ton 1, watau buhun taki 20 masu kilo 50, ko buhun masara 10 masu kilo 100. Wanda ya ɗora masara buhu 20 ya aza ton 2, kusan duk bisa tayoyin baya guda biyu waɗanda iyakarsu kilo 2,240, ga kuma nauyin ita kanta motar. In ta fashe a hanyar Dawanau da tsakar rana, ba laifin zane ba ne. Mai ɗaukar kaya kullum ya nemi taya mai alamar LT ko C, wadda a ka rubuta mata 8PR ko 10PR.

Sa'an nan a nemi haruffan DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 3523, an yi tayar a mako na 35 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha jan kunnen direbobi cewa shekara 4 ne wa'adin taya daga ranar da a ka yi ta. Kamfanin Michelin kuwa ya ce daga shekara 5 a riƙa duba ta ko wace shekara, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta da saura. A ƙasa mai zafi irin wannan gara a bi mafi gajarta. Tsohuwar tayar laka ta fi ruɗin mutane, domin haƙoranta na nan manya-manya alhali robar ta bushe. A lanƙwasa gefen a duba, in an ga tsage-tsage ko kumburi a bar ta.

ISKA DA KULAWA

Awon iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, na mota wofi dabam, na mai lodi dabam. A auna da safe taya na da sanyi, da geji, ba da bugun ƙarfe ba. Masu faci da yawa su kan cika iska fiye da kima, abin da ke cinye tsakiyar taya ya kuma sa mota tsalle a gargada. A yashi mai zurfi, in kayan ba su yi nauyi ba, ana iya rage iska zuwa wajen 18 ko 20, sai ƙasan taya ya ƙara tsawo ta daina nitsewa. Amma a tafi a hankali, kada a karya kwana da ƙarfi, kuma lalle a mai da iskar kafin a hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu ta kan yi zafi ta fashe. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya fi wata ado amfani.

A riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, ko wace kilomita 8,000 zuwa 10,000, ta laka ma kafin haka. A cikin zanen akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, in zane ya cinye ya zo daidai da su taya ta ƙare. Amma ga mai shiga laka ta ƙare tun kafin nan, domin tayar laka da ta ci rabinta ba ta fi sabuwar tayar ko'ina da kome ba. Sayen taya kuwa ya fi kyau a watan Mayu, don sabon zane ya tari damina. Giyar ƙafa huɗu, H4 da L4, a sa ta tun kafin a shiga laka, a kuma cire ta da an hau busasshiyar kwalta.

A ƘARSHE

Akwai wata ɓarna da ba a cika lissafa ta ba. Mota mai tayar laka ta kan wuce inda bai kamata mota ta bi ba, ta bar ramuka biyu a hanyar gari. Ruwa ya bi ramukan, baɗi su zama kwazazzabo, mai amalanke da mai babur da mai kai mara lafiya asibiti su ne za su sha wuya. In kuwa cikin gona ta shiga ƙasa na jiƙe, ta kan danne ta, saiwa ta kasa ratsawa, a ga layin taya a jikin shuka har kaka. Sau da yawa jiran rabin yini rana ta bugi hanya ya fi ko wace taya. Shebur da igiya mai ƙarfi da katako biyu su ma kada a bar su a gida.

Saboda haka, wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce da burji da yashi, laka kuwa sai jefi-jefi, ya sayi tayar ko'ina mai alamar LT, ya kai takinsa ƙauye da wuri. Wanda abincinsa ke cikin fadama, ya sayi tayar laka, ya yarda da ƙararta da shan manta, ya rage gudu bisa kwalta in an yi ruwa. Ko wanne a ka zaɓa, a duba shekara, a duba nauyi, a duba iska. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.